Abokin Wasana Ya Rufe Ƙofa

Inna Kyauta,

Don Allah don Annabi ki taimake ni da shawara, kuma ki taimaka kafin Babbar Sallah ta wuce, don bayanta ba ni da sauran lokaci. Na daɗe ina karanta filinki, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan shigo layi ba. Ki yi haƙuri in na yi ta kewaye-kewaye. Na kwana biyu ban yi doguwar magana da kowa ba, har bakina ya so ya manta hanya.

Sunayen mutane na sauya su. Garuruwa kuwa ki bar su yadda suke. Duk wanda ya san Gumel ya san mace ɗaya ce ke yawo da akwatin sukudireba da filaya, to ɓoyon me zan yi? Mazan wurin aikinmu dai ba sa karanta shafin mata, sai dai su naɗe ƙosai da shi.

Ni Bafulatana ce, rugarmu tana gefen Ɗanzomo. Shekarar da aka ce kowane gida ya ba da yaro a sa makaranta, Baffana, wato mahaifina, ya dubi yayyena maza, ya dubi shanu, ya ga babu wanda zai iya rabuwa da shi a cikinsu, sai ya miƙa ni. Ba wai ya ga wani abu a kaina ba ne, ni ce dai in na tafi ba a rasa komai ba. Daga firamare aka wuce da ni makarantar 'yan mata a Kano. A can wata malama ta lura duk abin da ya lalace, ko tocila ko dutsen guga, ni ake kawo wa, sai ta cusa sunana cikin masu tafiya Kaduna koyon gyaran rediyo. Aji guda duk maza, sai ni. Na yi aure ban gama ba. Marigayi malamin makaranta ne, shi ya ce in ƙarasa, har yakan riƙe min fitila in ina haɗa wayoyi. Sanƙarau ya ɗauke shi bazarar bara waccan, Allah ya jiƙansa. Ba mu samu haihuwa ba.

Da na fita takaba na samu aiki a wani kamfani mai babban ofis a Kano. Aikinsa kafa injin oba-oba, wato rediyon nan da ake magana a ciki a amsa maka, a ɗakunan shan magani da ofisoshin malaman dabbobi na ƙasar nan, da kuma gyara shi in ya lalace. Aka turo ni reshen Gumel, na sauka gidan Goggona, ƙanwar Baffa. Inna, ina son aikin nan. Ban san yadda zan faɗa miki ba tare da kin ce na zautu ba. In aka kawo inji ya mutu murus, na buɗe cikinsa, na bi waya ɗaya-ɗaya, na ɗiga dalma a inda ta saki, na kunna, ya yi shuuu sannan muryar mutum ta fito daga wani gari, wallahi a wannan lokacin kaɗai nake mantawa ni gwauruwa ce. Shi ne abin da ya rage min wanda yake nawa.

Amma tun ranar farko na gane ba a yi maraba da ni ba. Manajanmu, bari in kira shi Alhaji Haladu, ya zaci mai buga tafireta aka aiko masa. Da ya ga takarduna sai ya nuna min kujera kusa da butar shayi. Mutum zai shigo da inji a hannu, ya dube ni, ya ce, "Yarinya, ina mai gyaran?" In gyarana ya yi kyau, sa'a ce. In inji ya dawo, ko ba ni na taɓa shi ba, sai ka ji an ce aikin mata ke nan. Na ɗinka wando ina sawa a ƙarƙashin zani saboda hawa turken eriya. Sau ɗaya na hau, maza suka taru a ƙasa suna ɗaga kai kamar masu duban wata, Alhaji ya ce kada in ƙara, na zubar wa kamfani mutunci. Da azahar su yi jam'i a gindin darbejiya, su zauna su ci abinci a tire ɗaya, ana hira ana shewa. Ni kuwa in yi tawa sallar a sito, in ci nawa a tsakanin batura. Ban ce su ci da ni ba, na san ba a haka. Amma ko "sannu da aiki" ai ba ta karya alwala.

To a cikin wannan hali ne Malam Ubale ya yi min magana. Shi ne babba a bencin gyara, magidanci ne da iyali, ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma Bamange ne. Kin san tsakaninmu da Barebari da 'yan'uwansu Mangawa akwai wasa tun kaka da kakanni. Su ce mu bayinsu ne, mu ce su ne namu. Tun ina ƙarama nake ganin Bamange ya shigo rugarmu, ya ɗauki ƙwaryar kindirmo ya shanye, ya ce harajinsa ne, Baffa na dariya yana cewa yunwa ta koro bawa gidan ubangijinsa. Ba a fushi. Wanda ya yi fushi shi ne abin dariya, a ce ba a koya masa komai a gida ba.

Wata safiya Malam Ubale ya ɗago kai ya ce, "Af, ashe baiwa aka aiko min daga Kano, ina man shanuna?" Ban san lokacin da na ce masa bawa ba ya tambayar uwargijiyarsa, sai abin da aka ba shi ba. Kowa ya fashe da dariya. Inna, wannan ce rana ta farko da aka yi dariya tare da ni a wurin nan. Na koma gida raina fes. Da na je Ɗanzomo har man shanun na kawo, na ce ya kai wa iyalinsa. Shi ya matsa min wuri a benci, shi ya ce a bar ni in riƙa fita rangadi, kuma ya koya min abubuwa da yawa da ba a koyarwa a Kaduna. Ba zan ci haƙƙinsa ba.

Ban san ranar da abin ya juya ba. "Baiwata" ta koma "matata". Maganar shanu da kindirmo ta koma maganar tafiyata da wuyana, da cewa wai takaba ta ƙare, ɗaki ya yi sanyi. Ya fara fizge min mayafi in na wuce. In ina ɗiga dalma sai ya tsaya a bayana har ina jin numfashinsa, ya ɗora hannunsa a kan nawa, wai yana gyara min riƙo. In na ɗaure fuska ya ce, "Kun ga Fulani ko? Ba su san wasa ba," a yi ta dariya. Akwai wani abokin aikinmu, Cindo, shi kaɗai ne ba ya dariya, sai ya sunkuyar da kai. Amma shi ma bai taɓa cewa uffan ba.

Wata Alhamis cikin watan jiya muka je Maigatari gyaran wani inji, ni da shi da direbanmu Dogo. Ranar kasuwa ce, kara ta cika, ga raƙuman mutanen Damagaram, ga ihun dillalai, ko ka yi kururuwa ba mai ji. Injin yana cikin wani ɗan ɗaki a bayan ofishin malamin dabbobi. Mai ofishin ya tafi kara duba shanu, Dogo ya tafi sayen sukari. Babu lantarki a can, don haka na ɗora ƙarfen dalma a kan risho yana zafi. Sai na ji an tura ƙofa, an sa sakata. Ya ce hayaniya ta yi yawa. Kafin in juya ya kama wuyan hannuna, ɗaya hannun a ƙuguna, yana cewa baiwa ba ta da ta cewa a gaban ubangijinta. Babu dariya a muryarsa. Na fizge, na kai hannu in ɗauki wani abu, ko mene ne, sai na damƙi ƙarfen nan ta wajen wutar. Ihun da na yi ne ya sa ya sake ni.

Ya zare sakata, ya fita yana dariya, ya tari Dogo da labarin wai 'yar Fulani ta tsorata da wasa har ta kama wuta da hannu. Ya sayo min fura a kasuwa, ya ce in sha in huce. Muka dawo Gumel ina bayan Landiroba tare da batura, hannuna a naɗe cikin mayafi, su biyu a gaba suna hirar tsadar raguna. Tafin hannuna ya tashi, na yi kwanaki ba na iya riƙe sukudireba. A wurin aiki aka ce gangancin mata ne.

Na je wurin Alhaji Haladu. Na durƙusa na gaishe shi, na ce wasan Malam Ubale ya yi yawa. Iyakar abin da bakina ya iya ke nan. Mu an haife mu da fulako, akwai maganar da ba ta fita a gaban namiji ko za a yanka ka. Alhaji ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce shi Bahaushe me ya kai shi shiga tsakanin Fulani da Barebari, ai ni ma yana ji ina ramawa. Sannan ya gyara fuska ya ce dama shi bai nemi mace ba, Kano ce ta ɗora masa.

Na ɗan taɓa wa Goggo maganar, rabi-rabi. Tana shafa min zuma a ƙunar ta ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mace mai zama cikin maza ba ta rasa jin abin da ba ta so, in yi aure in huta. Ba muguwa ba ce, haka ta san duniya. Tun daga ranar na ja bakina.

Ga abin da ya sa na ce ki yi sauri. Bayan Sallah za a kafa sabon inji a Sule Tankarkar, aikin kwana ne, kuma an sa ni da Malam Ubale da Dogo. Na ce a sauya min, Alhaji ya ce ko in je, ko in ajiye akwatin kayan aiki in koma wajen butar shayi, shi kuma ya sanar da Kano cewa an gwada mace a aikin daji ba ta iya ba. Malam Ubale kuwa sai murna yake, yana cewa tunda Ɗanzomo ba nisa zai biya rugarmu ya karɓi harajinsa wajen surukinsa. Kuma na san Baffa, da dariya zai tare shi, ya sa a yanka masa zakara, don abokin wasa ne ya zo. In na gaya wa Baffa gaskiya, zai ce in tattara in dawo gida, dama shi aro ya bayar. In kuwa yayyena Manu da Sajo suka ji, sanda ce za ta yi magana, a ƙare a gaban alƙali, sunana ya zaga kasuwanni. Gaba kura, baya sayaki.

Ba ni da ƙawa a garin nan. Matan unguwa suna gaishe ni daga nesa, kamar wadda ta zo daga wata ƙasa. 'Yan'uwana mata na ruga kuwa in na je sai mu rasa abin faɗa bayan gaisuwa. Mutum ɗaya ce nake jira kullum, ita ma ban taɓa ganin fuskarta ba. Kowace safiya ni ke kiran tashoshinmu in ji ko injuna lafiya. A Gagarawa Tasha wata unguwarzoma ce ke amsawa, Rabi'atu. Layin can na Cindo ne, shi ya sa ban taɓa zuwa ba. Sauran tashoshi "muna ji, oba" kawai suke cewa. Ita kuwa sai ta ce, "Ina jin ki sarai, ƙanwata," ta ƙara da ɗan labari: jirgin Nguru ya makara, an haifi tagwaye, akuya ta cinye mata sabulu. Wani lokaci har kukan jirgin nake ji a bayanta. Washegarin Maigatari da na kira, sai ta ce, "Yau muryarki ba daidai take ba. Batir ne, ko ke ce?" Na ce batir ne. Na kashe injin, na shiga sito na yi kuka.

Inna, ni ce ban san wasa ba? Tunda na rama tun farko, na kai masa man shanu da hannuna, ina da bakin cewa a daina? In je Sule Tankarkar, ko in ajiye akwatin? In na ajiye shi ban san ko ni wace ce ba kuma. Ki gaya min gaskiya ko da ɗaci.

Taki cikin damuwa,
Mai Ƙarfen Dalma, Gumel.

AMSA

'Yata Mai Ƙarfen Dalma,

Allah ya kawo ki gidan da ya dace, don kin kawo ƙarar Bamange ne a gaban Babarbariya. Ni da kike gani, tsagen gidanmu na nan a fuskata. Saboda haka zauna da kyau, baiwata, uwargijiyarki za ta yi magana. Man shanuna kuma ina nan ina jira.

Kin ji abin da na yi yanzu? Wannan shi ne wasa. Na yi shi a gaban duk mai karanta jaridar nan, kina da damar ramawa, kuma ba abin da ya ragu a jikinki. Haka na tashi na ga ana yi. A bainar jama'a ake yin sa, a bakin rijiya, a kasuwa, a wurin suna. Kuma iyayenmu sun gaya mana ƙarƙashinsa amana ce: abokin wasanka ya ci abincinka ba tambaya, amma in ya gan ka cikin wahala shi ne na farko da zai tsaya maka. Ban taɓa jin wasan kakanni da ake sa wa sakata ba. Duk wanda ya rufe ƙofa ya san abin da zai yi ba na idon mutane ba ne. Malam Ubale ya fake da guzuma ne ya harbi karsana, kuma ya san haka, shi ya sa ya riga ki kai labari wurin Dogo. Ramawar da kika yi da man shanun da kika kai tarbiyya ce, ba tsagewar bango ba. Ki cire wannan daga ranki.

Yanzu bari in auna ɗaya gefen, tunda kin ce ko da ɗaci. Alherin da ya yi miki a benci gaskiya ne, ba sai kin ƙaryata shi ba, sai dai bai sayi komai da shi ba. Alhaji Haladu kuma, duk da ba ya son mace a wurinsa, kuma wannan laifinsa ne, ba ki ba shi abin da zai riƙe ba. Kin ce masa wasa ya yi yawa. Wa zai kori babban ma'aikacinsa don wasa ya yi yawa? Goggo ma rabi kika ba ta, ta yanke hukunci a kan rabi. Fulako ado ne, 'yata, amma a nan shi ne bangon da mutumin nan yake jingina da shi. Ya san ba za ki iya faɗa ba. Ranar da kika faɗa, rabin ƙarfinsa ya tafi.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ki fara tun kafin Sallah. Ki zaunar da Goggo, ki buɗe mata tafin hannunki, ki gaya mata komai har sakata. Matar da ta shafa miki zuma ba za ta ji wannan ta ce ƙadangare ba. Ki roƙe ta ta yafa mayafi ta raka ki wurin Alhaji Haladu. Abin da kunya ta hana ki faɗa, bakin tsohuwa zai faɗe shi, kuma manaja ba ya yi wa tsohuwa dariya har hula ta karkace. Daga nan ta nemi wani dattijo cikin dangin Malam Ubale, wanda yake jin nauyinsa, ta kai masa magana ɗaya: ɗanku ya rufe ƙofa da 'yarmu. Na san mutanena. Dattijon kirki ba zai ji an ci amana da sunan wasan kakanninsa ya yi shiru ba.

Ke kuma ki rufe wasan da bakinki, a inda aka buɗe shi. Da azahar, suna zaune a gindin darbejiya, ki yi sallama, ki ce, "Malam Ubale, daga yau na ajiye wasa tsakanina da kai. Ka san dalili, in kana so in faɗa a nan sai in faɗa." Kada ki yi murmushi, kada ki ɗaga murya. Za a yi dariya, wataƙila a ce Fulani ba su san wasa ba. Ki bar su. Daga ranar ko ya tsokane ki kada ki rama, gaisuwa da maganar aiki kawai. Wasa na mutum biyu ne, in ɗaya ya tashi, wanda ya rage kowa zai ga abin da yake yi. Ki lura da Cindo ma. Mai sunkuyar da kai ya ga abin da ya gani, sau da yawa jira yake wani ya fara.

Sule Tankarkar kuwa, kada ki ce ba za ki ba, don abin da ake jira ke nan. Ki ce za ki, amma ga yadda za ki. A haɗa ki da Cindo, ko a ƙara shi a tafiyar. Ki kwana cikin mata, ai ƙasarku ce, ba za ki rasa gidan dangi ba, ko Goggo ta bi ki ta gaida 'yan'uwa. Duk ɗakin da za ki yi aiki, ƙofa a buɗe, da mutum a bakinta. In Alhaji ya ƙi wannan bayan ya ji gaskiya, to ki rubuta wa Kano da kanki kafin shi ya rubuta, a taƙaice, abin da ya faru da abin da kika nema. Su suka turo ki, su ji daga bakinki. In kuwa aka dage sai ke da shi ku kaɗai, to a nan ki tsaya, kada ki shiga motar. Babu injin da ya kai ki daraja.

Baffanki kada ki yanke masa hukunci tun bai ji ba. Goggo ƙanwarsa ce, ta san ta inda ake shigarsa, ita za ta gaya masa, shi kaɗai, ba da yayyenki a kusa ba. Ko ba komai ya san wanda bai kamata a yanka wa zakara ba. Mai yiwuwa ya ce ki dawo gida. Sai ki ba shi haƙuri, ki nuna masa ba a zaune kike ba, kin ɗauki mataki. Uba yakan janye 'yarsa ne in ya ga ba ta da kowa.

Ba zan yi miki ƙarya ba, za ki iya yin duk wannan kuma aikin ya kuɓuce. Duniyar maza ce kika shiga, ba su gama sabawa ba. Amma kamfani ne ya ba ki benci, ba shi ya ba ki hannu ba. Tun ƙarin albashin nan da gwamnati ta yi wa ma'aikata gidaje suka cika da rediyo, kuma a Gumel akwai mata cikin kulle da rediyonsu ya yi shiru, a gidajen da namiji ba ya shiga. Ke kina shiga. Ki ajiye wannan a gefen zuciyarki, ba don ki gudu ba, don ki tsaya gaban Alhaji ki faɗi maganarki ba tsoro. Akwatin nan kada ki ajiye shi don wani ya sa sakata.

Malam Ubale, in ƙosanka ya zo a naɗe cikin shafin nan, ka karanta kafin ka goge hannu. 'Yar'uwarka ce ke gaya maka: ka ba mu kunya. Ka ji tsoron Allah, kana da 'ya'ya mata ko za ka samu.

Saura magana ɗaya, 'yata, kuma ita ta fi damuna. Kin ce ba ki da kowa. Ga mace tana zaune a Gagarawa Tasha, ba ta taɓa ganin ki ba, amma ta cikin shuuu ɗin inji ta gane ranki a ɓace yake. Ta tambaye ki, kika ɗora wa batir. Unguwarzoma ce, ta ga abin da ya fi naki, kuma aikinta ya koya mata riƙe sirri. Kada ki zuba mata labarin ta oba-oba, kin fi ni sanin duk tashoshi suna ji. Gobe da safe in ta ce tana jin ki sarai, ki ce mata, "Yaya Rabi'atu, ranar nan ba batir ba ne. Ina zuwa ranar Lahadi." Sannan ki shiga mota ki je.

Allah ya warkar da hannun, ya tsare miki mutuncinki da sana'arki, ya jiƙan malaminki mai riƙe fitila. A yi Sallah lafiya.

Uwargijiyarki,
Inna Kyauta.